Ranar da Na Yanke Bakin Ƙiri-ƙiri

Mijina ne kaɗai a unguwarmu ya taɓa shuka ciyawa da gangan. A ƙasar noman rani irin tamu, tsakanin Kura da Bunkure, inda kowane magidanci yake kwana da tunanin yadda zai kashe ciyawa, shi sai ya ɗauko buhu guda na ƙiri-ƙiri daga gidajen ma'aikata na Kadawa ya zo ya dasa a bayan gida. Aikinsa buɗe ruwa da rufewa a kanal, a can ya ga an shimfiɗa ta a ƙofar ofis ta ba shi sha'awa. An yi masa dariya har a ƙofar masallaci. Ni ma na yi, domin bakina ba ya iya shiru. Na ce masa mutane suna neman ƙarin fangali, kai kana kiwon abokiyar gaba. Amma da ta kama ta yi kore shar, ni na fi kowa shimfiɗa tabarma a kanta da yamma ina duba littattafan 'yan ajina.

Bayan gidan fili ɗaya ne cikin danga ɗaya. Surukina ya raba shi biyu tun kafin a kawo ni, gabas na mijina, yamma na yayansa, kuma ba a yi katanga a tsakani ba. Yayan nasa, wanda ni ma Yaya nake ce masa, yana shuka masara a nasa da damina. In ruwa ya ɗauke sai ya ja fangali ya yafa irin albasa, wanda zai cire daga baya ya kai gonarsa ta bakin kanal ya dasa. Kunyar fangalin, wato ɗan tudun ƙasar da ke tare ruwa, ita duk muka sani a matsayin iyaka.

Ita kuwa ƙiri-ƙiri ba ta san iyaka ba. Yaɗo take yi, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Shi ya sa kowace Asabar mijina yake kafa turaku biyu, ya ɗaura igiya, ya wasa fartanya, ya bi igiyar yana saran bakin ciyawar har ya fitar da ɗan rami mai faɗin yatsu huɗu tsakaninta da kunyar Yaya. Abin da ya sare kuma ba ya zubarwa a ko'ina, sai ya shanya ya ƙone, domin in ka jefar da shi inda yake da laima ka sake dashe ne.

Mijina ya rasu a farkon damina, bayan zazzaɓin kwana biyar. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ban leƙa bayan gida ba, ruwan sama kuwa bai fasa zuba ba.

A mako na biyu da fitata yayyena suka zo daga Dawakin Kudu, suka ce in tattara in koma gida. Sun faɗa da tausayi, amma duk mun san abin da ba a ambata ba. In na tafi, ni kaɗai zan tafi. Yarana uku 'ya'yan gidan nan ne, a hannun baffansu za su zauna, ni kuma in riƙa zuwa ganinsu da leda a hannu kamar baƙuwa. Aka tambayi Yaya ra'ayinsa. Bai ce in zauna ba, bai ce in tafi ba, ya ce a dai ga yadda zaman zai kasance. Tun daga ranar nake tafiya a gidan kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Ni da ake tsoron bakina a ofishin malamai, na koma in an ce mini ga gabas sai in ce to.

Wata ranar Alhamis da safe, ina shirin tafiya makaranta, na ji sallamar Yaya daga bayan gida. Na yafa mayafi na fita. Abin da na gani ya ba ni kunya. Ciyawar ta kai rabin ƙwauri, ramin nan ya cike ba alamarsa, yaɗon ya haye kunyar ya shiga cikin fangali fiye da kamu guda, ya shaƙe jerin farko na irin albasa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon ciyawar, ba ni ba.

"Malama, kin ga aikin da aka bar mana."

"Na gani, Yaya. A yi haƙuri."

"Haƙuri ai shi ake yi tun yana raye. Ranar Lahadi zan sa a fesa mata magani, gaba ɗaya. Gidan da ba namiji, ga yara, ga ciyawa kamar daji. Maciji ake kira."

Ban san lokacin da na ce ya ba ni zuwa Asabar ba. Na ce zan yanke bakinta yadda mai ita yake yi, kuma zan cire duk wadda ta shiga masa har saiwa. Ya ɗan dube ni, duban da manomi yake yi wa mai riƙe alli, ya ce in zan iya bismilla, amma kada in taɓa masa irin da ke da rai. Da yamma matarsa, faccalata, wadda muke ce wa Hajiya, ta shigo karɓar wuta ta raɗa mini cewa ta ji yana faɗa wa limami wai ɗawainiyar gidan ta fi ƙarfina, gara in je gida in huta. Na gane cewa gwajin ya wuce na ciyawa, ni ake aunawa.

Asabar da sassafe, da na ji ƙarar babur ɗinsa ya tafi wajen girbin shinkafa, na tura yara Islamiyya, na ɗaure ƙugu. Turakun suna nan a bayan rumbu, igiyar tana naɗe yadda ya bar ta. Na tsaya riƙe da ita na ɗan lokaci, sannan na ce wa kaina ba ranar kuka ba ce.

Na fara da lauje na rage tsawon ciyawar. Na kafa turaku a gindin kunyar, na ja igiya, na bi ta da fartanya. Aikin da nake gani yana yi yana waƙa ashe cin rai ne. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo, amma ramin ya fito santal daga danga zuwa danga, har na ja baya na kalle shi ina jin daɗi.

Saura wadda ta tsallaka. Na haye kunyar na tsuguna a cikin fangalin Yaya, ina taka-tsantsan da ƙafata. Ƙiri-ƙiri in ka ja ta sama sai ta tsinke ta bar maka saiwa a ƙasa, don haka dole in bi kowace jijiya da bakin fartanya har inda ta ƙare. Wasu sun nutse kusan taƙi guda. Ina cikin bin wata ne fartanyar ta daki wani abu mai tauri. Na tona da yatsa, na ciro wani dunƙule ya kai girman dunƙulen hannu, da busasshen ɓawo ruwan ƙasa. Na ce a raina albasar bara ce aka manta da ita. Na jefa a kwano. Taku kaɗan a gaba na sake samun wata, sannan wata. Biyar na ciro, a jere. Ni 'yar tela ce, a cikin gari na tashi, albasa a kasuwa na san ta. Har murna na yi wai na tsinto wa Hajiya kayan miya.

Sannan na yi abin da ya fi komai muni, kuma don tsabta na yi shi. Na mayar da ƙasa cikin kowane rami, na daddale da ƙafa, na bi da bayan fartanya na baje wurin sumul, don kada Yaya ya dawo ya ce na yi masa kaca-kaca da fangali.

Wajen azahar Hajiya ta leƙo da kofin kunu. Ta yaba ramin, ta ce ashe malamai ma suna da ƙashi. Na miƙa mata kwanon ina dariya. Ta duba ciki, sai kofin ya karkace a hannunta kunu ya zuba a zaninta.

"Innalillahi. Daga ina kika samo wannan?"

"A cikin fangali mana. Albasarku ce ta bara."

"Wace irin albasa? Ke, wannan gadalin iyaka ne! Baba da hannunsa ya binne su."

Ta zauna a bakin kunyar ta yi mini bayani. Tana amarya aka yi rabon. Surukinmu ya tara 'ya'yansa biyu da limami da mai unguwa na lokacin, ya binne gadali bakwai a layi. Gadali ake sawa domin ba ya mutuwa, kowace damina sai ya fito da ganye ya nuna kansa, da rani ya koma ƙasa ya kwanta. Amma tun da aka fara feshin maganin ciyawa a masara, ganyen yana leƙowa ake ƙone shi, har aka yi shekaru ba wanda ya gan shi, aka ma manta da zancensa. Limamin ya rasu, mai unguwar ya rasu, Baba ya rasu, ga mijina ya bi su.

Na sake duban kwanon. A ƙasar nan ka zagi mutum a yi muku sulhu, ka tare masa ruwa ranar layinsa a yi muku sulhu, amma wanda aka ce ya tone iyaka sunan yana bin jikokinsa. Ga ni mace, baƙuwa a gidan, ban cika wata guda da fita takaba ba, na shiga fangalin mutum ba ya nan na tone abin da ubansa ya binne.

Sai wani tunani ya zo mini, na kuma faɗe shi kafin in auna.

"Hajiya, in wannan ne iyaka, me ya kai shi cikin fangalinku?"

Muka dubi kunyar, muka dubi wurin da na baje, kamu guda da ɗoriya a tsakaninsu. Kaza ta zo ta fara tsattsagar kunun da ya zube.

"Ki rufa mana asiri," in ji ta daga baya, a hankali. "Ki mayar da su ƙasa, ko ki kai kanal ki zuba. Ni ban ga komai ba. Kin san halinsa, in ya hau ba ya jin kira. A bar kaza cikin gashinta."

Ta tafi ta bar ni da kwano. Na kai shi ɗaki na ajiye a ƙarƙashin gado, na fito da shi, na sake mayarwa. Na yi sallar azahar ban san abin da na karanta ba. In na binne su inda nake zato, na kafa iyaka ni kaɗai ke nan, ba shaida, kuma na baje wurin da hannuna, ko ni ba zan rantse a kan ramukan ba. In na zuba su a kanal, zan kwana lafiya a gidan, Yaya zai ga aikina ya yaba, amma na jefar da haƙƙin marayu a ruwa don in tsira da wurin kwana. In kuwa na nuna masa, na ce wa dattijon da zamana yake hannunsa ya ci ƙasar 'ya'yan ƙaninsa, hujjata kuma tana cikin kwano, inda ba ta tabbatar da komai sai laifina. Tsoro nake ji ƙwarai. Sau biyu na ɗauki mayafi da niyyar kanal.

Abu ɗaya ya tsayar da ni. Hajiya ta ce bakwai, ni kuma biyar na ƙirga. Biyu suna ƙasa. Hannuna har ƙaiƙayi yake in je in nemo su in tabbatar, amma na zauna a kansa. Wannan ne wayo na farko da na yi a ranar.

Bayan la'asar na ji babur. Ya shigo bayan gida da ƙaiƙayin shinkafa a hularsa da gemunsa, ya tsaya yana bin ramin da ido daga wannan danga zuwa waccan. Ya sa ƙafa ya taɓa bakinsa. Na ga fuskarsa ta saki, har ya ce, "To, ba laifi." Da na yi shiru a nan, da shi ke nan.

Na durƙusa na ajiye kwanon a gabansa.

Bai tambayi ko mene ne ba. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya mayar.

"Wa ya tone?"

"Ni ce, Yaya. Ban san ko mene ne ba. Na ɗauka albasa ce."

"Albasa." Ya maimaita kalmar a hankali. "Kin yi shekara goma sha huɗu a gidan manoma ba ki san albasa ba. Na ce kada ki taɓa mini iri, sai kika taɓa abin da ya fi iri. Ina ramukan?"

"Na cike su."

"Kin cike su."

Ya ɗaga murya ya kira Hajiya, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi. Ya ce ta zama shaida. Ya ce ubansa ya binne abu, an jira ƙasa ta rufe idon duk wanda ya sani, an zo an tone. Ya ce shi ba zai yi shari'a da matar ƙaninsa ba, ba zai kuma zauna da wadda zai riƙa gadin ƙasarsa saboda ita ba. Gobe zai aika Dawakin Kudu a zo a tafi da ni cikin mutunci.

A nan haƙurin da na yi wata biyar ina haɗiya ya ƙare. Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi a gabansa ba.

"Yaya, kafin ka aika, bakwai ne. Ga Hajiya nan, a gabanta aka binne. Biyar na cire bisa jahilci, na kuma kawo maka da hannuna alhali kanal bai fi taku ɗari ba. Biyu suna nan ban taɓa su ba. Ƙasar ba ta san ni ba, ba za ta yi mini ƙarya ba. Kai ka tona."

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya naɗe hannun riga ya karɓi fartanyar.

Ya fara daga dangar arewa, a gindin kunyar, inda ya tabbata iyakar take. Ya tona taƙi guda, biyu, babu komai. Ya rushe kunyar kanta ya duba ƙarƙashinta, babu. Ya ɗago ya dube ni, na kawar da kai, domin ni ma a lokacin na fara shakka. In ɓera ko ruɓa sun cinye biyun fa? In Hajiya ta yi kuskuren ƙirga? Ya ajiye fartanyar ya koma tono da yatsu, yana matsawa yamma kaɗan-kaɗan, cikin fangalinsa, cikin wurin da ba wanda ya taɓa. Ya kai ga irin albasa mai rai, ya ɗan tsaya, sannan ya tuge shi da kansa ya ci gaba. Ba ka jin komai sai numfashinsa da kukan injin ban-ruwa daga nesa.

Hannunsa ya tsaya. Ya share ƙasar a hankali, kan gadalin ya bayyana, a zaune daram da saiwoyinsa. Bai cire shi ba. Ya auna daga nan zuwa inda kunyar take da hannunsa, kamu ɗaya da taƙi. Ya tashi ya tafi dangar kudu, wannan karon bai ɓata lokaci a gindin kunya ba, ya auna kamu da taƙi ya tona. Na bakwai yana nan.

Ya zauna a ƙasa, cikin laka, da rigarsa. Dattijo mai jikoki. Ya yi salati ya sake yi. Ya ce, kamar da kansa yake magana, kowace shekara lebura ne yake jan kunyar, yana kallon ta bara ya ɗora a gefenta, shi kuma bai taɓa tsayawa ya duba ba. Ya ce shekara nawa yana cin albasar wurin nan yana ciyar da iyalinsa, yau kuma ta zama ƙasar marayu. Hajiya tana kuka a bakin ƙofa. Ni ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Sai ya ɗago, kuma wannan ne karo na farko tun rasuwar da ya dube ni ido cikin ido.

"Malama, ya sani? Ƙanina ya san na shigo masa?"

Na ga abin da yake roƙo. Kalma biyu ce, in ce ya yafe, ya samu abin riƙewa. Amma har lokacin zancen Dawakin Kudu yana ci mini rai, kuma gaskiyar ita ce ban sani ba. Na ce, "Bai taɓa faɗa mini ba, Yaya. Allah ne ya sani." Na ga yadda maganar ta shige shi. Har yau in na tuna ina jin ciwon yadda na faɗe ta a bushe, ko da yake ba ni da wata amsar.

Ya daɗe a zaune. Da ya tashi, ya cire turakun daga inda na kafa su, ya kafa ɗaya a kan gadalin arewa, ɗaya a kan na kudu, ya ja igiyar ta ratsa ta cikin irinsa. Ya ce Hajiya ta aika a kira limami da mai unguwa tun rana ba ta faɗi ba, a kira yaran duka, nawa da nasa. A gabansu ya binne biyar ɗin a ƙarƙashin igiya, ya faɗi da bakinsa abin da ya faru, bai rage komai ba, har da cewa ni na kawo masa kwanon. Ya tuge duk irin da ya faɗo gabas da igiyar, ya ce ba zai dasa shi a gonarsa ba, a ba wa duk mai so.

Da mutane suka watse ya tsaya yana wanke hannu a bakin fangali, ya ba ni baya. Ni kuma ina tattara lauje da fartanya, ina jiran in ji ko aiken gobe yana nan.

"Ba inda za ki," ya ce, bai juyo ba. "Ki zauna ki tsare musu abinsu har su girma. Ni kin ga an bar mini amana ban iya ba."

Na ce to. Na kai kayan aikin bayan rumbu, na shiga ɗaki na tarar da ƙaramar 'yata ta yi barci da takalmi a ƙafarta. Na zauna ina cire mata, ina kwance maɗaurin a hankali don kada ta farka.